Ranar Da Na Ce Wa Taubashina Yallaɓai

Shekarar da kogi ya cika ya shanye shinkafar mutanen bakin gada, har masu kwale-kwale suka riƙa bi ta kan gonaki, ita ce shekarar da aka ba taubashina lambar yabo. Ina tunawa sosai, domin ranar da muka je taron a Wudil sai da na tsaya a bakin famfo na wanke lakar da ke takalmina kafin na shiga.

Shi ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawansa yake kirana. Ni kuma rago nake ce masa, domin da ya riƙe fartanya sai tafinsa ya yi bororo. A tsakanin taubasai babu gaisuwar mutunci. Idan ya gan ni da sabuwar riga sai ya tambaye ni wa ya mutu aka raba gado. Idan na gan shi a kan babur sai in ce Allah ya ba babur ɗin nan haƙuri. Haka muka taso, haka muka yi aure, haka furfura ta same mu. Duk wanda ya san mu ya san muddin muna tsokanar juna, to lafiya muke.

Kawu ya sa shi a boko, ni kuwa aka bar ni a gona. Ya zama ma'aikacin lafiya, daga baya aka ɗora shi a kan aikin rigakafin yara na yankinmu na Utai. A lokacin akwai gidaje da yawa da ba sa yarda a ɗiga wa 'ya'yansu maganin shan inna. Mata ne ke shiga cikin gida su yi aikin, amma in maigida ya tsaya a zaure ya ce a'a, magana ta ƙare. Taubashina kuwa mutum ne mai gaggawa. Zai zuba wa mutum bayani kamar yana karanta takarda, in an yi masa gardama muryarsa ta tashi. Wata rana ya same ni ina gyaran danga, ya ce, "Kai bawa, tun da ba ka da aiki sai zama a tabarmar mutane, zo in ba ka aikin zama."

"Wato bokon ya ƙare, an dawo wurin manoma ke nan," na ce masa.

Shekara tara na yi ina bin masu rigakafin. Aikina shi ne gidajen da suka ƙi. In an gama zagaye sai ya faɗa mini su, in riƙe a ka, sannan in riƙa zuwa ni kaɗai bayan la'asar. Ba na tayar da maganar rigakafi a zuwan farko, wani lokacin har na biyu. Mu gaisa, mu yi maganar damina da tsadar taki, in sha ruwan gidan, in tashi.

Akwai wani dattijo a unguwar da ke ƙetaren rafi, gidansa cike da jikoki, wanda ya taɓa korar mata masu aikin da sanda. Sau huɗu na je wurinsa. A zuwa na biyu na tarar yana ɗaurin dawa, na tuɓe riga muka ɗaure tare har magariba. A na uku sansa na noma ne ba lafiya, muka yi ta jinyarsa a baki. A na huɗu shi da kansa ya ce, "Malam, na san abin da ke kawo ka. Naka 'ya'yan an ɗiga musu?"

Na ce, "Baba, ka aika a dubo yatsunsu, tawadar ma ba ta goge ba."

Ya sosa gemu. Can ya ce, "Su zo gobe. Amma ban da wannan mai surutun."

Washegari mai surutun ne ya tsaya a waje ya yi rubutu da alli a bangon gidan, ya kuma cike takardarsa. Na leƙa na ce, "Me ka rubuta?" Ya ce, "Na rubuta bawana ya yi aikin bayi." Muka yi dariya. A lokacin ban ji komai ba.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ma ya yi aiki. Da an idar da asuba yake hawa babur ya ɗauko maganin a cikin kula mai ƙanƙara, ya raba wa ma'aikata kafin rana ta yi zafi. Shekarar ambaliyar nan da kwale-kwale ya ƙetara da kular a kansa, shi da ko iyo bai iya ba. Na san duk wannan. Sanin bai hana ni komai ba.

Da labari ya zo cewa za a karrama ma'aikatan lafiyar da suka yi fice, kuma har da shi, saboda yankinmu ya daina ƙin rigakafi, ya ce lallai in raka shi. Na sa rigar sallata. Ɗakin taron cike yake da baƙi, likitoci daga Kano, malaman jami'a, masu ɗaukar hoto. Shi aka kai shi kujerun gaba. Ni na samu benci a can baya kusa da ƙofa.

Aka kira sunansa a lasifika, aka karanta abin da ya yi. Mai karantawa ya ce da haƙurinsa da iya zama da jama'a ya shawo kan gidajen da suka gagara. Haƙurinsa. Aka miƙa masa wani allo na katako mai ƙarfe ruwan zinare, aka tafa, ni ma na tafa. Sai aka ba shi lasifika ya yi godiya. Ya gode wa Allah, ya gode wa manya, sannan ya ɗaga hannu ya nuna bayan ɗaki.

"Ga bawana can," ya ce. "Tashi a gan ka, bawa. Wannan in ka tura shi gidan mutum, ba zai tashi ba sai mai gidan ya gaji ya yarda."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na miƙe, mutane suka juyo, na zauna. Yau na san yabona yake yi, ta hanyar da kaɗai ya iya yi mini magana. Da a ƙofar gida ne, da na mayar masa da wadda ta fi ta zafi, an wuce wurin. Amma lasifika a hannunsa take, allon yana ɗaya hannun, masu dariyar kuma ba su san ni ba, ba su ma ji sunana ba. Abin da suka gani shi ne mai lambar yabo da wani mutum a bakin ƙofa.

Da aka tashi ya fito yana fara'a, ya miƙo mini allon. "Ungo, riƙe wa ubangijinka, kar ka shafa masa laka."

Na karɓa da hannu biyu, na ɗan rusuna, na ce, "Allah ya sanya alheri, yallaɓai. Allah ya ƙara ɗaukaka."

Ya dube ni. Ya yi dariya kaɗan, yana jiran sauran maganar. Babu saura. Wanda ba ɗan gida ba zai ce na yi ladabi. Shi ya san abin da na yi, ni ma na sani. Taubashi in ya girmama ka, ya fita daga wasa ke nan. Har muka iso gida a kan babur ɗinsa ban ce Allah ya ba babur haƙuri ba.

Kwana uku mutane suna zuwa yi masa barka. Aka faɗi sunansa a rediyo. Aka rataye allon a zaurensa daidai inda mai shigowa zai fara gani, hotonsa da manya a ƙasa. Ni ma na je barka kamar kowa, na tuɓe takalmi tun daga waje, na zauna nesa da tabarmarsa. Idona bai bar allon nan ba. Ina ƙyashin ƙyallinsa, ina ƙyashin ƙusar da aka rataye shi. Har Inna, mahaifiyata, sai da na ji haushinta, domin duk wadda ta shigo gidanmu sai ta ce mata, "Kin ji ɗan ɗan'uwana a rediyo?" Dattijon ƙetaren rafi ma ya aiko masa da zabi biyu. Wannan ta fi komai ci mini rai.

Ya yi ƙoƙari, ba zan ɓoye ba. In mun haɗu a masallaci sai ya ce, "Bawa, wannan hular daga kan wa ka cire ta?" In ce, "Tsohuwa ce, ranka ya daɗe." Ranar kasuwa ya tarar da ni a kara, wurin cinikin shanu, ina taya wani maƙwabci duba ɗan maraƙi, ya ce a gaban mutane, "Ku yi hankali, kar a haɗa da shi a ciniki." Aka yi dariya ana jiran nawa. Na ce, "Barka da kasuwa, yallaɓai, ya iyali?" Na ga fuskarsa ta canza, kuma gaskiya na ji daɗi. Ni mutum ne mai haƙuri, kowa yana faɗa. Haƙurin da na riƙa zama da shi a zauren mutane shi na juya a kansa.

Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Kai, me ɗan'uwanka ya yi maka kake gaishe shi?"

Na ce, "Gaisuwa laifi ce, Inna?"

"Kar ka mayar da ni yarinya. Gobe in ji ka zage shi."

Na ce to. Ban yi ba.

Da zagayen rigakafi ya zo ya aiko a kira ni, na ce ina da aiki a gona. Na gaba ma haka. A cikin wannan lokacin ne na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a makarantar firamare bayan la'asar. Mutane sun yaba mini, wai babba da neman ilimi. Ni na san abin da ya kai ni. So nake in riƙe alƙalami kamar yadda yake riƙewa, in ga abin da ke cikin rubutun nan da ya sa aka kira shi gaba aka bar ni a benci. Wata takwas na yi kafin na iya haɗa baƙi da wasali ba tare da na yi gumi ba. Ran nan na shiga zaurensa ba ya nan, na tsaya gaban allon. Da Turanci aka rubuta shi. Sunansa kawai na iya karantawa, da Wudil. Na karanta sunan sau uku, daidai yake, babu kuskure.

Ana nan sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma mai nisa. Ranar tafiya mota ta tsaya a ƙofar gidansa, dangi sun taru. Ya hango ni a tsaye a gefe. Ya ɗaga murya kamar da, ya ce, "Kai bawa, kana kallo ubangijinka na ɗaukar kaya? Me ake ciyar da kai don shi?"

Amsar tana bakina. Na ma shirya ta, a kan katifarsa ce da ta lotsa a tsakiya saboda kwanciyar rago. Da na faɗe ta da shi ke nan, kowa ya yi dariya, Inna ta samu barci. Sai idona ya faɗa kan allon, an naɗe shi a cikin sabon tawul an ɗora a kujerar gaba. Na ce, "To, yallaɓai." Na sunkuya na ɗauki buhun, na kai mota, na dawo na ɗauki wani. Babu wanda ya yi dariya. Ya tsaya yana kallona har na gama. Sannan ya miƙo mini hannu biyu, ya ce, "Na gode, malam. Allah ya saka da alheri."

Bai taɓa ce mini malam ba sai ranar.

Bayan ya tafi abin ya fara sakina a hankali. Babu allon da zan gani, babu mai zuwa barka. Da babbar salla ya zo gida, na same shi a zauren kawu, na tattara ƙarfina na ce, "Rago, can ma a zaune ake biyan ka?" Ya yi murmushi, ya gyara mini wuri a tabarma, ya ce, "Aiki alhamdu lillahi, malam. Ya gona? Ya yara?" Na sake gwadawa da zai koma, ya sake amsa mini da mutunci. Ba fushi yake yi ba, na duba fuskarsa. Ya koyi abin da na koya masa ne, kuma ya zauna masa.

Yanzu mukan yi waya. Mu gaisa, mu tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, mu yi wa juna addu'a, mu ajiye.

Na zauna na ƙirga, tun da yanzu na iya rubuta lamba. Zagayen rigakafi shida ban fita ba. Gida huɗu a cikin waɗanda na buɗe sun sake rufewa, biyu har yau ba su yarda ba. Shekara uku ke nan ba mu ci tuwo a kwano ɗaya ba. An yi sunan jikarsa ta fari, na je na zauna cikin baƙi. Inna ta rasu bara ba ta ji na zage shi ba. Taubasai uku gare ni a duniya, biyu mata ne suna gidajen mazajensu a nesa. Na wasan ɗaya ne.