Wanda Ya Sa Hannu a Takardar Kawu

Shekarata ta huɗu ke nan ina aikin jinya a ɗakin masu ciwo mai tsanani, a wani asibiti cikin Kano, aka kawo kawuna. Gadaje shida ne a ɗakin, kuma ba a kwantar da mutum a nan sai in numfashinsa ko zuciyarsa sun kasa tafiya da kansu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, manomin rani a wani ƙauye kusa da Bunkure. A gidansa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Ranar da abin ya faru, feshin tumatir yake yi, tankin da ya goya yana yoyo, maganin ya jiƙa masa riga tun hantsi har azahar. Bai cire ba, don yana son ya gama kafin a sako ruwa a kanal ɗin ban ruwa. A bakin gona aka tsince shi, miyau na dalala, jiki na karkarwa.

Babban ɗansa ne ya kawo shi, wanda nake kira Yaya tun ina yarinya. Da ya gan ni cikin kayan aiki sai ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdulillahi, ƙanwata, tunda kina nan hankalina ya kwanta."

Muka sa wa Kawu bututu ta baki, muka haɗa shi da injin numfashi. Na roƙi shugabarmu ta bar mini gadonsa. Duk bayan awa biyu mu juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. In zuƙe masa majina, in goge masa baki da auduga, in shafa masa mai a ƙafafunsa da ruwan gona ya tsattsaga. Ina yi ina ba shi labarin gida, ko da yake ban san ko yana ji ba. Rana ta bakwai na ce, "Kawu, in kana jina ka matse mini hannu." Ya matse, a hankali, amma ya matse.

Rana ta tara likita ya kira Yaya ofis, ni ma ina wurin. Ya ce bututun baki ya daɗe, ana bukatar a huda maƙogwaro a sa wani gajere, kuma yana sa ran Kawu zai tashi in an yi haƙuri. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba za a yanka mahaifina da ransa ba. Ku ba ni shi in kai shi gida."

Na bi shi har gindin bishiyar da masu jinya suke shimfiɗa tabarmi. Na ce, "Yaya, wannan aikin mun saba yinsa. Na ga waɗanda aka yi wa sun koma gida da ƙafarsu. In aka raba shi da injin nan ba zai kai gobe ba."

Ya ce, "Rai na Allah ne. Ni ne babba, na riga na yanke."

Likita ya sake yi masa bayani har sau biyu, sannan ya miƙa masa takardar da ke nuna da kansa ya ɗauki majinyaci, ba da shawarar asibiti ba. Ya sa hannu a gabana. Da hannuna na cire bututun, don ban yarda wani ya yi wa Kawu da gaggawa ba. Ba su kai garin Kura ba Kawu ya cika a cikin mota.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gida wurin mata. Na durƙusa na yi wa Inna, matar Kawu, gaisuwa. Ta amsa ba ta dube ni ba. Matan da ke hira suka bi ni da kallo. Mahaifiyata ta jawo ni ɗaki ta ce, "Gaya mini gaskiya, ke kika ce a cire masa inji?"

Ashe abin da Yaya ya gaya wa mutane ke nan, cewa ni na ce babu sauran amfani, wai ana son gadon za a ba wani babban mutum, shi kuma ya bi maganata don ni ce mai ilimin abin.

Washegari da safe na sami Yaya a gonarsa, yana buɗe wa shinkafa ruwa. Na ce, "Yaya, me na yi maka?"

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da jan laka da fartanya, sannan ya ce, "Da na dawo da gawa, Inna ta riƙe mini riga tana tambaya wa ya kashe mata miji. Me zan ce? Ke jibi za ki koma birni. Ni ne nake zaune da su."

Na juya na koma gida. Akwai hoton takardar a wayata, sa hannunsa a fili. Mahaifiyata kaɗai na nuna wa. Ta daɗe tana kallo, ta ce in bar shi a tsakaninmu, don Inna ta tsufa kuma Yaya ne ke riƙe da gidan. Na bi maganarta, amma ban yafe ba a lokacin, kuma ba zan ce na gama yafewa yanzu ba.

Inna ta rasu bayan shekara biyu ba ta sake kirana 'yata ba. A da, in wani ya kwanta ciwo a ƙauyen, ni ake fara kira. Yanzu sai in ji labari an kai mutum wani asibiti daban. Yaya kuwa duk kaka yana aiko mini da buhun shinkafa ta hannun direba. Ina karɓa, in raba wa masu jinyar da ke kwana a gindin bishiya.