Diskin da Muka Auna da Hannu

Kwamfutar gidana ta fara ƙara ne a farkon bazara, lokacin da zafin Konni ke sa mutum ya tsani rigar da ke jikinsa. Tsohuwa ce mai akwati, na saye ta hannu na biyu shekarar da na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Idan na kunna ta sai in ji ƙas-ƙas-ƙas daga cikinta kamar ɓera na gurgurar ƙwarya, ta yi shiru, ta sake. Matata ta ce ƙura ce, in hura mata iska. Ni dai na san ba ƙura ba ce, don duk sanda ƙarar ta zo komai na allon yakan tsaya cik, gabana kuma ya faɗi.

Ba takardun ɗalibai nake jin tsoron rasawa ba, waɗannan ko sun ƙone zan sake rubuta su. Bidiyo ɗaya ne, na minti ashirin da 'yan kai.

Gonarmu tana kusa da Dogarawa. A gefenta na kudu akwai ɗan zirin fadama inda ruwa ba ya nisa, da 'yar rijiya a ciki, nan Inna mahaifiyarmu take noman rani, kuɓewa da yakuwa da tattasai. Da shi take cefane, da shi take zumunci, ba ta taɓa miƙa wa ɗayanmu hannu don kuɗin goro ba. Shekara guda kafin Baba ya rasu, shi da tsohon da gonarsa ke jikin tamu suka taka iyakar tare, ina biye da su da waya ina ɗauka. Kowannensu ya faɗa da bakinsa inda nasa ya tsaya. Yanzu su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya. Ambaliya ta share gambar da ke nuna iyaka, masu itace sun sare kalgon da ke kusurwa, wayar ma ta mutu tuntuni. 'Ya'yan tsohon suka tashi suka ce zirin nasu ne, maigari kuma ya sa ranar zama kafin ruwan farko. Shaidarmu kaf tana cikin wannan akwati mai ƙara.

Na ɗaura ta a bayan babur na kai wa wani mai gyara da ke kusa da tasha, mutum mai ƙarancin magana. Ya kunna, ya kara kunne, bai ko buɗe ta ba.

"Mushe, diskin ga shina mutuwa," in ji shi, don Mushe ake kiran malamin lakwal a nan. "Ko gobe, ko wata guda, Allah kaɗai ya sani. Kwashe abin da kaka so tun shina numfashi."

Ya ce in sayi irin sabon diskin nan da ake kira SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa balle ya gaji. Ya fito da ɗaya daga aljihun tebur, ɗan baƙi, shafal. Giga ɗari biyu da hamsin da shida ne, ya ce, ƙarami ne amma na gaskiya, zai ɗaura shi a ciki ya kwashe mini abubuwan da suka fi muhimmanci. Da ya faɗi kuɗin na shafa aljihuna. Wata ya yi nisa, albashi bai shigo ba, abin da ke hannuna bai kai ba. Dole na nemi yayana ya cika.

Yaya ɗan kasuwar hatsi ne. Gero da wake yake saye a Badaguishiri da ƙauyukan Alela ya kawo Konni. An san shi da abu ɗaya: idan ya ɗaga buhu da hannu zai faɗa maka tiya nawa ce a ciki, kuma da wuya ya kuskure. Bai yi lakwal ba, bai kuma taɓa jin ya rasa wani abu ba. Duk abin da kuɗinsa zai shiga sai hannunsa ya taɓa shi, ko akuya ce ko kwanon rufi. Don haka ya ce tare za mu je.

Mai gyara ya miƙa masa diskin. Yaya ya ɗora a tafin hannu, ya ɗaga, ya sauke, ya kaɗa shi kusa da kunne. Sai ya dube ni da tausayi.

"Wanga hwanko ne," ya ce. "Babu komi ciki. Kai da karatunka, a saishe ka iska?"

Mai gyara ya ce haka suke, ba su da nauyi. Yaya ya yi murmushin da yake yi wa dillalai, ya ajiye, ya ce mu leƙa kasuwa tukuna. Ranar Laraba ce, kasuwa ta cika. A layin masu kayan waya muka sami wani baƙo da ya shigo da kaya daga ƙetaren iyaka, ya baza a kan tebur ƙarƙashin lema. Yana da SSD shi ma, amma irin wanda ake jonawa ta waje da igiya, jikinsa na ƙarfe mai sheƙi. A kwalin an rubuta tera biyu, wato ninki takwas na wancan, kuɗinsa kuma bai kai na wancan ba. Yaya ya ɗora shi a tafin hannu, na ga fuskarsa ta saki.

"Yawwa. Ka ji nauyi nai? Wanga kam an zuba mai kaya."

Ba zan ɗora wa Yaya laifin duka ba. Ni nake koya wa yara lissafi, na kuma san abu ba ya ninka takwas kuɗinsa ya ragu. Amma kwaɗayin tera biyu ya kama ni, ga canjin da zai rage, ga kuma kunyar musa wa babban wa magana a tsakiyar kasuwa, a kan abin da duk garin ya san hannunsa ba ya kuskure. Yaya ya yi ciniki har baƙon ya rantse yana faɗuwa, muka biya. Da muka biya ta wurin mai gyara ɗaukar kwamfutar ya juya kwalin sau biyu, ya ce, "Tera biyu ga wannan kuɗi? Mushe, ni dai ban yarda da shi ba." Yaya ya ce ai dole ya faɗi haka, tunda nasa ne ba a saya ba.

Ina isa gida bidiyon na fara kwafa, shi kaɗai, don shi ne ya fi komai. Na buɗe shi daga sabon diskin, ga Baba da sandarsa da malafarsa yana nuni da hannu. Na yi hamdala. Daga nan sai na shiga zuba sauran kaya ba ji ba gani, tunda wuri ya samu: takardun lakwal, wa'azozi, finafinan da matata take kallo, bidiyon bikin ƙanwarta har kashi huɗu. Kwana biyu ana kwafa, kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa yana dawowa. Diskin yakan yi zafi har in kasa riƙe shi, wani lokaci kuma aikin ya tsaya na tsawon sallar la'asar kafin ya ci gaba. Na ce zafin gari ne. Duk sanda na duba, sunan bidiyon Baba yana nan a saman jeri, sai in rufe, hankalina kwance.

Bayan kwana goma tsohon diskin ya mutu. Na kunna da safe, ya yi ƙas sau uku, allo ya tsaya baƙi. Ban ko damu ba. Har wayar Yaya na kira na ce masa mun tsallake.

Saura kwana uku a zauna na aro kwamfutar hannu wurin wani abokin aiki, don da ita zan nuna wa maigari. Na jona diskin, na danna bidiyon. Bai buɗe ba. Na sake dannawa, na cire na mayar, na canza igiya. Sunan yana nan, girmansa yana nan a rubuce, amma babu hoto babu murya. Na gwada takardun lakwal, su ma haka. Bikin ƙanwar matata kuwa, kashi na huɗu, ya buɗe tangaram, ga mata ana guɗa.

Ni da Yaya muka koma wurin mai gyara. Bai ce ai na faɗa muku ba, da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ya sa bakin sukudireba ya ɓalle murfin. A ciki akwai ɗan katin ajiya irin na waya, bai kai farcen babban yatsa ba, sai guntun ƙarfe guda biyu da aka manne da gam a gefe da gefe. Ya ce katin ƙarami ne ƙwarai, an koya masa ya yi ƙaryar girma. Idan ya cika ba ya cewa ya cika, sai ya koma farko ya dinga rubuta sabo a kan tsoho, ya bar sunaye kawai. Abin da ka fara sawa shi yake fara ci.

Yaya ya ɓamɓaro ƙarfen ɗaya ya daɗe yana kallonsa. Mutumin da ya shekara talatin yana kama masu haɗa gero da yashi.

"Yashi sunka zuba muna," ya ce a hankali.

Mun nemi baƙon, wurinsa wani mai sayar da takalma ne a zaune. Mai gyara ya yini a kan tsohon diskin, amma diskin ko motsi bai yi ba.

Ranar zaman aka taru a gonar da hantsi. Sama ta yi nauyi ta gabas, iska ba ta motsi. Maigari ya zo da liman da dattawa uku, 'ya'yan tsohon su huɗu suna gefe guda, Inna tana zaune a kan amalanke ta lulluɓe kanta. Na faɗi abin da ya faru, na ga ɗaya daga cikin huɗun ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Maigari ya ce to, hoto ya tafi, amma mai ɗaukar hoton yana raye.

"Kai kab bi su rannan. Ka yi alwala, ka dahwa Alƙur'ani, ka taka muna inda sunka taka. Inda duk ka tsaya, nan ne iyaka."

'Ya'yan tsohon suka ce sun yarda. Yaya ya matso kusa da kunnena.

"Daga bakin rijiya ka miƙe yamma. Taka kawai, gaskiyarmu ce."

Na yi alwala, na je na tsaya a inda nake zaton nan suka fara. Na dubi ƙasar. Yashi ne shimfiɗe da kututturen gero na bara, ko'ina iri ɗaya. Na nemi ranar a cikin kaina, abin da na samu shi ne hasken rana a kan gilashin waya, da fargabar kada caji ya ƙare, da ƙoƙarin kada hannuna ya girgiza. Minti ashirin na bi mahaifina a kan iyakar gonarsa, ban dubi ƙasa ko sau ɗaya ba. Ko rijiyar tana damansu ko tana hagu, wallahi ban sani ba. Liman yana tsaye da Littafin a nannaɗe cikin kyalle, yana jira.

"Ranka ya daɗe, ban iya rantsuwa," na ce. "Ban san wurin ba."

Yaya ya juya mini baya. Maigari ya juya ga babban ɗan tsohon, shi kuwa bai yi jinkiri ba, ya dafa, ya taka, ya bar rijiyar da zirin duka a ɓangarensu. Aka kafa duwatsu, aka shafa fatiha.

Mutane sun fara watsewa sai Inna ta sauko daga amalanken da ƙwaryarta. Ba ta dube ni ba. Ta nufi babban ɗan tsohon, wanda ita ta yi wa uwarsa wankan jego da aka haife shi, ta tsaya a bayan sabon dutsen, ba ta ƙetare ba.

"Ɗana," ta ce, "kuɓewata ta nuna. Ka yi mini izini in tsinke?"