Tabarma ta Biyu

Kakata Inna Dije a ƙasa ta je Makka, shekara bakwai tafiya da dawowa. Don haka idan muka kewaye murhunta bayan tuwon dare, ba gizo da ƙoƙi take ba mu ba. Sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ku gyara zama, wannan daga bakin wata 'yar tsibirin Jawa na ɗauko ta, wadda muka yi kwanan rumfa ɗaya a Mina."

Wai wani falke Musulmi ne iska ta tsare jirginsa a tsibirin Jawa, a ƙasar da yanzu ake kira Indunusiya. Dole ya zauna sai iskar ta juya. Garin babu mai salla ko ɗaya. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Idan lokaci ya yi sai ya shimfiɗa tabarma biyu a bakin ruwa, ya hau ɗaya ya bar ɗaya. Masunta suna dariya: "Baƙo, wannan ta aljaninka ce?" Ya ce, "Ta mai zuwa ce." Ranar da zai tafi, wani tsohon masunci ya wanke ƙafa ya hau.

"Daga tabarma ɗaya," in ji Inna, "sai da ƙasa ta cika. Ke Hansai, rufe baki, ƙuda zai shiga."

Yau ni Hansai ni ce kakar, a gidan ɗana a Summerfield, nan ƙasar Turawa. Na taɓa tambayarsa ko gaskiya ne. Ya duba waya ya ce, "Mama, wajen yawan Musulmi daga su sai Pakistan ake ja, kuma har yanzu ƙaruwa suke."

Can suna ƙaruwa. Nan, cikin gida ɗaya, ina ƙirga ragi.

Jikata Amira shekararta goma sha biyar. Da na zo ƙasar nan tana bina sujada tana dariya. Da ta fara sanyi da salla, ban tuna falken ba. Na yi tsaye a ƙofar ɗakinta kowace asuba. Na ƙwace waya. Na kira ta kafira a gaban ƙawarta. Tun ranar ba ta ƙara amsa mini da Hausa ba.

Sai bayan ɓarna na fara shimfiɗa darduma biyu a falo, bakina a rufe. Wata takwas ke nan. Jiya ta tsaya a kaina, na ɗauka dardumar za ta hau. Ta ce, "Grandma, sorry," ta tsallake ta wuce kicin.

Inna ba ta faɗa mana abin da ake yi ba idan kai ka kori mai zuwan da bakinka. Dardumar tana nan a shimfiɗe. Kyanwar gidan ce kawai take hawa.