Takun Tsohuwa a Hannun Kawu

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi yana gyaran takalma a ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin titi. Ba ya yawan duban fuska. In ka miƙa masa takalmi, sai ya kifa shi, ya shafa dunduniyar da babban yatsa, ya ce, "Gwiwarka ta hagu na damunka." Kuma haka ɗin ne.

'Yar ƙanwarsa, wadda 'yan gida suka laƙaba wa Darakta tun kafin ta taɓa kyamara, ta yi fim ɗinta na farko, har aka zaɓe shi cikin masu gasa a wani bikin fina-finai na duniya. Ana cikin murna sai ga saƙo: a fitowar ƙarshe, inda wata tsohuwa ke hawan matakala, ƙarar janareta ta cinye takunta. Kwana uku aka ba ta ta gyara, in ba haka ba a cire fim ɗin. Tsohuwar kuwa tana kwance ba lafiya.

Mai haɗa sauti ya ɗora wani taku daga kwamfuta. Darakta ta biyo ta rumfar, ta kunna wa Kawu a waya. Ya rufe ido ya saurara.

"Wannan ai soja ne."

"Haba Kawu, ba lokacin wasa ba ne."

"Wa ya ce miki wasa nake? Je ki aro mini takalmanta."

Washegari Kawu ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da maƙwabta ba su taɓa gani ba. A ɗan ɗakin ɗaukar sauti, wanda aka manne bangonsa da kwalayen ƙwai, ya kifa takalman ya duba. Gefen na dama ya cinye, bakin na hagu ya goge.

"Jan ƙafar hagu take yi," ya ce.

Takalman sun yi masa kaɗan, sai ya zura su a hannu, ya durƙusa gaban wani falalen siminti yana taka su a kai ana ɗaukar sautin, idonsa a kan allo. Matakala goma sha huɗu ce. Dama ta sauka da nauyi, hagu ta biyo da ɗan ja. Ya yi, ya ce a goge, ya sake.

"Baba, ya isa haka," in ji mai sauti. "Wallahi babu wanda zai gane."

"Ni zan gane. Mayar da shi baya."

A rana ta uku gwiwoyinsa sun kumbura, sai da aka kama shi ya miƙe. Darakta ta tura fim ɗin saura awa biyu.

Bayan wata biyu ta sauko daga mota a bakin rumfar, ta ajiye masa kyautar sauti mafi kyau da fim ɗin ya ci a kan bencinsa. Kawu ya ɗauka, ya kifa ta, ya shafa ƙasanta da yatsa.

"Sumul," ya ce. "Wannan ba ta taɓa taka ƙasa ba."

Ya ajiye ta kusa da gwangwanin gam, ya jawo takalman tsohuwar, don ya yi alkawarin sa musu sabuwar dunduniya.