Ranar da Na Kife Jirgin Baba Manu

Wallahi abin nan ba ji na yi ba, a kaina ya faru, shekarun baya ina aikin kafinta a Birnin Kebbi. Aka kira ni Argungu kan wani tsohon jirgin katako da tun zamanin kakanni yake ƙetarar da mutane da buhunan shinkafa a gulbi, ya gaji, ana so a gyara shi a ajiye don tarihi.

Mai jirgin wani dattijo ne, Baba Manu. Da ya ji na ce a kife shi in duba gindinsa, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, jirgin ga bai taɓa kihewa ba, ko cikin ruwa ko bisa tudu. Kak ka zan na hwarko." Ni kuwa lokacin kaina na hayaƙi, wa zai koya mini katako? Yana juya baya na sa mutum shida suka kife shi a kan duwatsu, na rarrafa ƙarƙashi da gudumata in fara dubawa ta ciki.

Dutse ɗaya ya goce, jirgi ya rufe ni ruf, da rana tsaka. Na buga, na yi ihu, ina jin mutane a waje suna ta nishin ɗagawa, an ƙaru sun fi goma, amma ko motsi. Sai na ji sanyi a bayana. Ruwa ne, jama'a, a kan busasshen yashi, yana hawa har ya kai mini wuya, na manna hanci da katako ina salati, na sallama rai. Nan wata mace ta yi magana daf da kunnena, a hankali, ba faɗa: "Wa yak kihe mu?"

Daga baya aka ce mini Baba Manu ne ya dawo da gudu, ya ɗebo ruwan gulbi a ƙwarya ya zuba wa jirgin, ya ce, "Ku yi haƙuri, baƙo na." Mutum biyu suka ɗaga shi. Na fito jagab, yashin kuwa ko danshi babu.

Tsohon ya dube ni ya ce, "Ka amsa mata?" Na ce a'a. Ya ce, "Da ka amsa, da ba mu ishe ka ba."

Jirgin yana nan a ajiye, bakinsa sama. Don Allah, in mai abu ya ce kada ku taɓa, ku bari. Ni har yau ban amsa mata ba, kuma ban ƙara ƙetare gulbin nan ba.