Yadda Na Zama Waliyyin Gwaggo Dije

Ranar Talata, ƙarfe biyar saura kwata na asuba, muka bar Gangara a amalanke, ni da Gwaggo Dije, yayar mahaifina. Shekara ta biyu ke nan ta fari, yunwa ta sa an cinye har irin shuka. Gwaggo ta sayar da awakinta na ƙarshe domin ta sayo wa gidajenmu irin gero a ƙetaren iyaka. Idan ruwan farko ya sauka babu iri, mun rasa shekara ta uku.

Gazawa da Agiye

Ƙarfe tara muka isa Gazawa, muka sha fura wadda ruwa ya fi gero yawa a cikinta, muka hau kamiyo, wato babbar motar kaya, zuwa Agiye neman takardar ƙetare iyaka. A nan na ga abin da har yau yake ɓata mini rai. Takardar tana da layin mai tafiya, da sunansa da sana'arsa. A ƙasa kuma ɗan fili na "matarsa da yaransa". Mace ba ta da layin kanta, sai a bayan miji ko waliyyi.

Na bayyana wa ma'aikacin buro, wato ofishin takardu, cewa mijin Gwaggo ya rasu shekara ashirin da suka wuce, ita ke ciyar da mutum goma sha ɗaya, har da ni.

Ya ce, "Malam, ba ni na buga takardar ba. Kai namiji ne?"

Na ce haka ne.

"To kai ne waliyyinta."

Gwaggo ta ce, "Rubuta, Isuhu. Ni na yi maka wanka ranar da aka haife ka, yau ga ni ɗiyarka."

Shekara goma sha huɗu ina riƙe da littafin haihuwa da mutuwa na garinmu, ban taɓa sa hannu a kan ƙarya ba sai wannan rana, ƙarfe uku da minti goma.

Ƙetaren iyaka

Ranar Alhamis muka shiga kasuwa. Gwaggo ta tauna ƙwayar gero a rumfa shida kafin ta yarda da ta bakwai. Ta sayi buhu uku, ta yi hayar jakuna, ni kuma ta ɗora mini tiya biyu a jakar takarduna.

A hanyar dawowa muka tarar an hana fatake fitar da hatsi. Ma'aikacin shinge ya karɓi takarda, ya bincike ni, ya ƙwace tiya biyun. Gaskiya ta tilasta mini na ce masa buhunan da ke kan jakuna na wannan baiwar Allah ne, ita ce mai tafiyar, ni ɗan rakiya ne kawai. Gwaggo ta take mini ƙafa.

Ya duba littafinsa ya ce, "Doka ta ce ɗan kasuwa da kayansa. Tsohuwa ba ta cikin littafina. Abin da mace ta ɗauko kayan girki ne."

Na nemi a gyara rubutun. Minti arba'in muna jayayya, har na waiwaya na hango Gwaggo ta wuce da jakunanta, tana zaune a inuwar gawo tana cin goro.

"Ɗan lakol," in ji ta, wato ɗan boko, "da sun gan ni, da mi za mu shuka?"

Gida

Asabar da la'asar muka iso Gangara. Ruwa ya sauka ranar Litinin, gida tara suka yi shuka. Godiya ta tabbata ga Allah, da masu jakuna, da mutanen da suka ba mu masauki.

Na rubuta ƙorafi mai shafi huɗu, ina neman a ba mace layinta da sunanta a takardar iyaka. Na karanta wa Gwaggo, ta ce ya yi kyau ƙwarai, amma in dakata har ta sayo irin wake. Ina sanar da masu karatu, cikin kunya, cewa na dakata.