Kunkurun da Hajiya Ba Ta Gani Ba

Shekarun annoba a unguwar Cheras suka same mu, ni da maiɗakina Hajiya, a wani ɗan gida can saman bene. 'Yarmu ta gama karatu ta koma gida, mu kuma jinyar ƙodar Hajiya ta riƙe mu a Kuala Lumpur.

Wata ma'aikaciyar asibitin da ake wanke mata jini ce ta ba ta labarin tsibiran gabas. Wai can akwai barewa da ba ta wuce girman zomo ba, da jemagu manya kamar shaho, da kunkurun teku da ke fitowa kan yashi ya yi ƙwai yana hawaye. Hawayen nan ne suka zauna wa Hajiya a rai.

"Malam, sai na ga wannan bawan Allah kafin in tafi," in ji ta.

"Tafiya ina?"

"Kai ma ka sani."

A lokacin an hana fita daga jiha zuwa jiha. Kullum idan na idar da wuridin safe, sai in same ta a bakin taga tana kallon jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a ciki.

Da aka buɗe hanya na ce mu tashi. Ta ƙi.

"Wa ke tafiya da damina? Bari ruwa ya ɗauke, kaka ta yi."

Ni ma na ga hankali a maganar, tunda haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi. Da lissafin garinmu muka ƙirga watannin, kuma ba mu tambayi kowa ba, kasancewar kowa ya kulle ƙofarsa.

Da kakarmu ta yi, likita ya ba ta ɗan sarari, muka hau bas har bakin teku. Muka tarar an janye jiragen ruwa an kife a tudu, iska na neman cire wa Hajiya mayafi. Wani dattijo mai gyaran koma ya girgiza kai. Ashe lokacin da ruwa ke ɗaukewa a wurinmu, su a lokacin daminarsu ke farawa, teku ya rufe sai bayan watanni. Kunkurun ma ya daɗe da tafiya.

Hajiya ta daɗe tana kallon ruwan. Sai ta ce, "Allah bai nufa ba."

Bayan mun dawo, ƙafafunta suka fara kumbura. Na je kasuwar Chow Kit na sayo mata 'yar kififfiya, ƙaramin kunkurun ruwa, a roba. Ta yi dariya har da tari.

"Haba Malam! Wannan ai ta kududdufin bayan gidanmu ce."

Duk da haka ita ke ba ta ganye da hannunta, har ranar da hannun ya kasa.

Teku bai buɗe ba sai da muka kai Hajiya makwancinta, mu ƙalilan, kowa da takunkumi. Allah Ya jiƙanta. Kififfiyar tana nan, har na sake mata roba babba. Tsibiran kuwa ban je ba.